Goron Neman Mota

A duk faɗin unguwar Garin Malam babu wanda bai san Idirisu zai zama shofer ɗin furoje ba, wato direban motar ƙungiyoyin nan na raya karkara, don shi da bakinsa ya gaya wa kowa, har da waɗanda ba su tambaya ba. Mai shayi ya sani, mai wankin hula ya sani, liman ma sai da aka tare shi a ƙofar masallaci aka sanar da shi. Idirisu irin mutanen nan ne da in ƙwai ɗaya ya shigo hannunsu sai sun gayyaci unguwa cin kaza.

Shekara bakwai yana kabu-kabu a titunan Damagaram, daga kasuwar Dole zuwa tasha, daga tasha zuwa Birni, yana samun na cefane daidai gwargwado. Ran nan ya ga wani shofer ya sauko daga farar motar furoje mai dogon eriya, da baƙin tabarau, yana juya makulli a yatsa. Shi ke nan, zama ya ƙare! Ya sayar da babur ɗinsa, ya shiga makarantar koyon tuƙi, bayan wata uku ya fito da parmi, wato lasin tuƙi, ya sa aka lulluɓe masa shi da roba don kada zufa ta taɓa.

Da wannan parmin a aljihu ya tafi bikin suna a garinsu Hamdara. Ana cikin cin tuwo sai yayansa Tahiru, wanda ke fama da gonar gado shi kaɗai, ya dube shi ya ce, "Idirisu, gonar nan ta fi ƙarfin mutum ɗaya. Tunda ka rabu da babur, in ruwan shuka ya sauka ba ka da aiki, ka dawo gida ka kama sungumi."

Idirisu ya miƙe tsaye da miya a hannu. "Yaya, ka shaida. Jama'a, ku shaida. Ni Idirisu na yi wa sungumi saki uku! In ruwa ya sauka ban riƙe makullin motar furoje ba, na yarda in sare gonar nan tun daga bakin hanya har kukar ƙarshe, mata na bi na da guɗa."

"Mun shaida," in ji mutanen Hamdara. Su kuwa mutanen Hamdara suna iya manta inda suka ɗaure jaki, amma ba sa manta irin wannan.

Ana nan sai wani furoje mai raba wa manoma irin gero ya ce yana neman shofer. Idirisu ya kai dosiyensa na takardun neman aiki, aka kira shi gwaji. Abin da ya faru a wurin gwajin bai faɗa wa kowa ba. Ya dai dawo gida da wando jiƙe sharkaf har gwiwa, matarsa Zuwaira ta tambaya, ya ce zufa ce, bazarar bana ba ta da imani.

Bayan kwana goma aka kawo masa ambulan daga buron furojen, wato ofishinsu. A fadar masu shayi ta same shi. Ya ɗaga ta sama ya ce, "Ga ta nan ta iso!" Amma bai buɗe ba, don Faransancinsa bai wuce na cinikin kuɗin babur ba. Ya kai wa Zuwaira, wadda ta yi kwaleji.

"Karanta da ƙarfi, maƙwabta su ji."

Zuwaira ta duba takardar, ta dube shi. "Baban Hadiza, gara dai in karanta a hankali."

"Da ƙarfi na ce!"

"To. Sun ce sun gode da ka nemi aiki wurinsu. Sun ce ba su ɗauke ka ba. Sun ce sun ajiye dosiyenka ko Allah zai sa gaba."

"Sake karantawa, kin tsallake layi."

"Layi uku ne duka-duka."

Idirisu ya zauna kan turmi. Gaskiya abin ya buge shi. Ya ɗaga kai ya dubi gabas, ya ga wani ɗan farin gajimare ya leƙo, sai ya ji kamar mutanen Hamdara ne baki ɗaya suka leƙo ta kan katanga.

Zuwaira ta ji tausayinsa, ta sassauta murya. "Ba a kanka aka fara ba. Abin da ake yi, a rubuta musu layi biyu: na gode, don Allah ku gaya mini inda na gaza in gyara. Masu buro suna son wannan. Ni zan rubuta, kai ka sa hannu."

"Inda na gaza? Wa ya ce miki na gaza?"

"Takardar."

"Takarda ai ta matsorata ce." Yana ta kaɗa ƙafa, can sai fuskarsa ta washe, kuma duk wanda ya san Idirisu ya san wannan washewar ba alheri ba ce. "Zuwaira, tsaya. Da na zo neman aurenki, sau nawa babanki ya hana ni?"

"Sau biyu."

"Na ukun fa, me na yi?"

"Ka turo Baba Ɗanjuma da goro."

"Yau ina kike?"

"Ina nan ina cizon yatsa."

"Kina nan dai! To ashe ba ki gane ba. Wannan takardar jan aji ce. A Damagaram wa ya taɓa ba da abu mai daraja ranar farko? Na je musu ni kaɗai kamar marar dangi, dole su ce a'a. So suke su ga manyana. Shugabar furojen nan, Madam Ramatu, 'yar Birni ce gaba da baya, ta san al'ada."

"Baban Hadiza, buro ne fa, ba zauren surukai ba."

"Duk inda ake hana mutum abu, zauren surukai ne."

Zuwaira ta ce, "Wanda bai ji bari ba ya ji hoho," ta koma kan tsintar shinkafarta.

Baba Ɗanjuma ƙanen mahaifin su Idirisu ne, tsoho mai farin gemu da sanda, wanda ya yi suna wajen neman aure. Mata arba'in da ɗaya ya karɓo wa mutane, bai taɓa dawowa da goronsa ba, kuma yana faɗin wannan adadin ko a wurin jana'iza. Idirisu ya same shi a zaure ya zayyana masa komai. Tsoho ya shafa gemu.

"Yarinyar 'yar gidan wa ce?"

"Baba, mota ce."

"Na ji. Tana da waliyyi?"

"Akwai Madam."

"To shi ke nan. In akwai waliyyi akwai magana. A nemo goro fari, kada a kawo mini mai tsutsa."

Daga nan Idirisu ya biya wurin Mai Nasara maroƙi, don a ganinsa tawaga ba maroƙi ai zuwa gaisuwar mutuwa ce. Mai Nasara ya saurara, ya karkace baki.

"Wato korar ka aka yi?"

"Ba kora ba ce. Jan aji ne."

"Ni fa tunda na gaji roƙo ban taɓa yi wa wanda aka hana abu kirari ba. Me zan ce? Ga wanda aka ce wa a'a?"

"Kai dai ka faɗi abin da zai faru. Bambancin kwana ɗaya ne."

Saura mota. Maƙwabcinsa Nomau yana da wata tsohuwar bas da yake jigilar Mirya da ita, shekara da shekaru. Nomau mutum ne da in ya yi magana goma a yini to ranar ya yi surutu. Idirisu ya yi masa bayani na kusan awa ɗaya. Nomau ya ce, "To."

A daren, kafin a kwanta, Idirisu ya buga wa Tahiru waya ya ce ya zo ya ga yadda ake karɓar aiki a birni. Tahiru ya ce, "Ina tafe. Da ma akwai saƙon da zan kawo."

Ranar Litinin da hantsi, tun Idirisu bai gama ɗaura agogo ba, ya ji kalangu ya tashi a bakin layi, muryar Mai Nasara na tsaga unguwa: "Ina mutanen Garin Malam! Idirisu ya hau farar mota! Na Zuwaira angon sitiyari, hanya ta gan ka ta miƙe! Yau ake miƙa makulli!"

Kafin ka ce kwabo ƙofar gida ta cika. Mata suka fito da guɗa. Wata tsohuwa ta riƙe masa hannun riga ta ce in zai bi ta Garagumsa ya sauke ta wurin 'yarta, ga ƙullin kayanta ma ta taho da shi. Mai shayi ya ce a tuna da shi a rabon iri, ko tiya biyu. Samarin fada su huɗu suka zo da dosiyoyinsu a leda, tunda yanzu suna da nasu a ciki. Idirisu, maimakon ya ce jama'a ku dakata, sai ya gyara zaman tabarau yana cewa, "Ba komai, ba komai, duk za a duba."

Zuwaira ta fito da mayafi da babban kwanon goro a kai.

"Ke kuma ina za ki?"

"Zan je in ga ƙarshen abin da idona, kada a zo ana ba ni labari ana ragewa."

Tahiru ya iso daga tasha da wani dogon abu naɗe cikin buhu, an ɗaure da igiya. Idirisu ya ji daɗi. "Ka ga Yaya, har da tsaraba wa Madam! Mene ne a ciki?"

"In lokaci ya yi za a kwance."

Bas mai cin mutum goma sha tara ta ɗauki ashirin da bakwai, ban da mai kalangu da ke maƙale a ƙofa. Ta ƙi tashi sai da samarin fada suka sauka suka tura, dosiyoyi a baki. A hanya duk wanda ya ji kiɗa sai ya tambaya, a ce masa Idirisu ne ya samu furoje, sai ya juya babur ya bi baya. Tsoffin abokan kabu-kabu kuwa suka yi musu rakiya da oda kamar ana kai amarya.

Saura kusurwa ɗaya a isa buron, Idirisu ya dafa kafaɗar Nomau. "Tsaya nan. Matsa in karɓa. Dole Madam ta gan ni a kan sitiyari."

Nomau ya dube shi, ya dubi motarsa, ya matsa.

A faɗi gaskiya, in dai gaba za a yi, Idirisu ya iya tuƙi. Ya shiga ƙofar buron a hankali, ƙofa ce matsattsiya mai ginshiƙi biyu na siminti, ya wuce tsakiyar fili, ya tsaya daf da wani sabon tankin ruwa baƙi da ke kan ƙafafun ƙarfe. Mai gadi ya taso da gudu yana ɗaga hannu, ya leƙa taga, sai ya ja da baya yana salati.

"La'ilaha illallahu! Na tanki ne! Na tanki ya dawo!"

"Wane tanki?" in ji Zuwaira daga baya.

"Rabu da shi, kama ce ta yi masa yawa," in ji Idirisu.

Ma'aikata suka fito daga ofisoshi suna kallon ikon Allah. Can sai ga Madam Ramatu, mace mai jiki da tabarau a goshi, ta fito da biro a hannu. Ta ga kalangu, ta ga kwanon goro, ta ga tsoho da sanda. Ita ma da ta ga furfura sai ta rusuna.

"Baba, sannu da zuwa. Lafiya dai?"

"Lafiya ita ta kawo mu, 'yata. A ba mu wurin zama, maganar ba ta tsaye ba ce."

Aka shimfiɗa tabarmi a gindin bedi, itacen nan da wasu ke ce wa dogon yaro. Baba Ɗanjuma ya zauna, ya jawo kwanon goro gabansa, ya yi gyaran murya irin wadda ya yi sau arba'in da ɗaya. Ya tambayi lafiyar gida, da ta iyaye, da ta zafi, da ta ƙarancin ruwa, sai da ya kai har kakan Madam wanda ashe sun yi fataucin fata tare. Sannan ya shiga magana.

"To, 'yata, abin da ke tafe da mu alheri ne. Ɗanmu Idirisu, ga shi nan, ya ga motarku, ya ce yana so. Mun bincika, mun ji 'yar gidan mutunci ce. Mun ji ya zo shi kaɗai an ce a'a, to wannan daidai ne, yaro ne bai san hanya ba. Yau ga manyansa. Ba zan ɓoye muku halinsa ba, don ni ba na haɗa zumunci da ƙarya. Yana salla. Ba ya shaye-shaye. Yana da baki, wannan kam Allah ya ba shi, in ya ce ya ga giwa to a duba ko ɓera ne. Amma ba mugu ba ne. In kun ba shi zai riƙe amana, ci da sha da sutura."

"Mai da wanki, Baba," in ji Idirisu cikin raɗa.

"Da mai da wanki."

Wani ma'aikaci ya toshe baki da dosiye ya koma ofis da gudu. Madam Ramatu ta sunkuyar da kai, kafaɗunta na rawa, ta ɗauki lokaci kafin ta ɗago. Amma da yake 'yar Birni ce, sai ta amsa da irin harshen da aka zo mata da shi.

"Baba, mun ji, mun gode da karamci. Gidanku gidan girma ne. Sai dai an tambayi yarinyar, ta ce ba ta so."

"Yara ai haka suke. A kira ta mu ji."

"Ba ta nan, Baba. Tana garaji. Tun ranar da suka gana da ɗanku take jinya."

Mai kalangu ya sassauta igiya. Idirisu ya ji zufa ta gaskiya ta keto masa, amma bakin nan nasa bai san ranar hutu ba. Ya miƙe.

"Madam, da girmanki. Ni ba na son magana a dunƙule. In akwai inda na gaza, a faɗa a gaban jama'a!"

"Malam Idirisu, a bar shi a rufe. Ka zo gobe kai kaɗai mu yi magana."

"A'a, a faɗa!"

Zuwaira ta ja masa gefen riga. "Baban Hadiza, an ce a bar shi a rufe."

"Sake ni! Mai gaskiya ba ya tsoron fili."

Madam ta ɗaga kafaɗa ta dubi mai gadi. Shi kuwa kwana goma sha biyar yana jiran wanda zai tambaye shi. Ya gyara tsayuwa.

"Jama'a, ranar gwaji an ce wa bawan Allahn nan ya yi gaba, ya yi gaba lafiya lau. Aka ce to ya dawo da baya. Wallahi sai na ga ya buɗe ƙofa, ya sauko da ƙafa ɗaya ƙasa, yana turawa kamar mai babur!"

'Yan kabu-kabu suka fashe da dariya, har wani ya faɗo daga kan babur.

"Aka ce masa a'a, akwai bitesin baya, giyar da ke mai da mota baya. Ya sa. Ya taka. Motar ta tafi kamar an harba ta, sai cikin tankinmu. Ruwan da muka kwana uku muna tarawa, a bazarar nan, a Damagaram! Sati guda muna sayen ruwa wurin 'yan garuwa, alwala ma sai da awo."

Zuwaira ta riƙe haɓa. "Ashe zufar ke nan."

"Tankin ne aka kafa ba bisa ƙa'ida ba!" in ji Idirisu. "Kuma motarku ce bitesinta ya yi santsi. A ba ni mota ta gaskiya a gani!"

Madam Ramatu ta duba agogo. "To, Allah ya kawo sauƙi. Ga motar iri can a rumfa za ta fita Takaya yanzu, bas ɗinku ta tare hanya. Fitar da ita da baya ta ƙofar nan. In ka fita ba ka taɓa komai ba, na yi alkawari a gaban Baba, zan sake buɗe dosiyenka. Har yau ba mu cike gurbin ba."

Ka ji fa! Ga aikin nan an ajiye masa a tafin hannu, tsakaninsa da shi taku ashirin ne da baya. Idirisu ya gyara zaman tabarau. Ya dubi gabas, gajimaren nan ya yi baƙi ya haɗe. Ya dubi Tahiru, Tahiru na zaune ya rungume dogon buhunsa.

Nomau ya matso kusa da shi, ya buɗe baki zai yi maganarsa ta farko a ranar. "Bitesin bayan nata, sai ka..."

"Nomau, don Allah! Ni za ka koya wa mota? Ina da parmi."

Nomau ya rufe bakinsa.

Idirisu ya hau. Mai Nasara ya ga abin yi ya samu, ya daka wa mai kalangu tsawa, kiɗa ya tashi. "Sai kai, na Zuwaira! Gaba taka, baya taka! Mai ido a ƙeya!" Jama'a duk suka koma bakin ƙofa suka yi layi biyu, kowa na ba da umarni, wannan na cewa dama, wancan na cewa hagu, tsohuwar Garagumsa na cewa a yi a hankali kayanta na ciki. Mai gadi ya tsaya tsakanin ginshiƙan yana kaɗa hannu.

Ƙafar Idirisu ta hagu ta fara neman ƙofa da kanta, ya daka mata harara ta koma. Ya kama sandar bitesi ya murɗa ta inda ya ga dama, ta yi ƙara, ya ce ta shiga. Sannan ya yi duk abin da aka koya masa a makaranta: ya ɗora hannu kan kujerar gefe, ya juya wuya sosai, ya kafa ido a kan ƙofar da ke bayansa. Har ya ɗaga wa jama'a yatsa biyu. Ya saki ƙafa, ya taka mai.

Yana kallon baya, ƙofa sai ƙara nisa take yi. Kafin ya gama mamakin wannan, ji kake ƙwaram!

Bas ta sumbaci sabon tanki. Kan famfon da ke gindinsa ya fita fit, ruwa ya yi tsiri ya daki gilashin gaba, ya shiga ta taga ya wanke shofer tun daga hula har takalmi.

Mai gadi ya ɗora hannu a ka. "Wancan karon da baya, yau da gaba! Jama'a ku riƙe shi, saura ta sama!"

Amma ba wanda ya tsaya riƙe kowa, don ɗan Damagaram ba ya ganin ruwa na zuba ƙasa ya tsaya kallo. Zuwaira ta juye goro a kan tabarma ta ruga da kwanon. Mata suka tara mayafai da kwanukan da ke cikin ƙullin tsohuwa. Mai shayi ya tara butarsa, samarin fada suka zazzage dosiyoyi suka tara leda. Mai Nasara kansa ya cire hula ya tara, yana cewa wannan kam ba kirarin da zai kama shi.

Ana cikin wannan hargitsi Nomau ya buɗe bayan bas, ya ɗauko guntun tsohuwar robar taya da wani ɗan katako. Ya durƙusa a gindin tanki, ya cusa, ya naɗe, ya ɗaure tamau. Ruwa ya tsaya. Ya zagayo, ya kama Idirisu ta hammata ya sauke shi kamar buhun gawayi, ya hau. Bai ko waiwaya ba, madubi kawai ya duba. Da hannu ɗaya ya zare bas ɗin nan da baya, ta bi tsakanin ginshiƙai biyu, tazarar yatsa biyu dama, yatsa biyu hagu, ya ajiye ta a gefen titi ya kashe.

Madam Ramatu ta sauko da tabaraunta daga goshi zuwa ido.

"Malam, ya sunanka?"

"Nomau."

"Kana da parmi?"

"Shekara ashirin da biyu."

"Ka taɓa buge wani abu?"

Nomau ya yi tunani. "Zabo. Shi ya faɗo."

"Me ya hana ka kawo dosiye da muka yi shela?"

"Idirisu ya ce an riga an ba shi."

"Gobe ƙarfe takwas ka zo da takardunka."

Nomau ya ce, "To."

Baba Ɗanjuma, wanda bai motsa daga tabarma ba duk abin nan, ya tattara goron da ya watse, ya tura gaban Madam. "To alhamdulillahi. A karɓi goro, a yi fatiha."

"Baba!" in ji Idirisu, ruwa na ɗiga daga gemunsa. "Ba ni aka ba ba fa!"

"Yaro, ni na zo nema, an kuma ba ni. Arba'in da biyu ke nan. Ango ne kawai aka canza, kuma wannan ba yau aka fara ba."

Aka shafa fatiha. Ana shafawa iska ta taso daga gabas mai sanyi da ƙanshin ƙasa, ganyen bedi ya fara zuba. Ɗigo ɗaya ya faɗo kan tabarma, na biyu ya faɗo kan hancin Idirisu. Tahiru ya tashi a natse, ya kwance igiyar buhunsa, ya zaro sungumi mai sabuwar ƙota, an wasa bakinsa yana ƙyalli.

"Ga saƙon."

Idirisu ya ja da baya, abin da bai iya yi da mota ba. "Yaya, ka manta? Saki uku na yi masa. Bai halatta gare ni ba."

"Na tambayi malamai. Bayan ka sake shi ya yi wani auren, Habibu maƙwabcinmu ya riƙe shi ya yi gyaran kunya da shi, ya sake shi, ya gama idda. Karɓi abinka."

Washegari da sassafe mutanen Hamdara suka fito bakin gona ba wanda ya aika musu. Ƙasa ta sha ruwa ta yi laushi. Idirisu ya tsaya a bakin hanya da sungumi a kafaɗa, ya hangi kukar ƙarshe can nesa kamar ba a ƙasar nan take ba. Mata suka saki guɗa kamar yadda ya yi alkawari da bakinsa. Kunya ta kama shi har wuya, amma ya juyo ya ɗaga hannu.

"Ku dai ba ku san abin da ya faru a birni ba. Ni na samo wa Nomau aiki. Ni na shayar da rabin Garin Malam kyauta. Madam da kanta ta ce ba ta taɓa ganin shofer irina ba."

"Wannan kam ta faɗa," in ji Zuwaira, tana bayansa da ƙwaryar iri. "Sara mu tafi, rana na yi."

Ya sara, ya taka, ya sara, ya taka. Ita kuma tana bi tana jefa gero tana rufewa da diddige. Da suka yi nisa kaɗan, inda masu guɗa ba za su ji ba, ya rage murya.

"Zuwaira, layi biyun nan da kika ce. Har yanzu ana iya rubutawa?"

"Ana iyawa. Sai dai yanzu ba sai mun tambaye su inda ka gaza ba, duk Damagaram ta sani."

Ya ci gaba da sara. Can ya waiwaya ya ga ramukansa sun miƙe sambal tun daga bakin hanya, ba ko ɗaya da ya kauce.

"Kin ga layi kuwa? Wa ya iya wannan a Hamdara?"

"Ba kowa," in ji Zuwaira. "Allah ya ba ka aikin da ba a komawa da baya. Dubi gabanka, ga kututture."